Wa ya fara nuna maka abin da ake kira shugabanci nagari?

Malami Mai Ritaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na kai jikokina biyu hubbaren Sir Abubakar Tafawa Balewa, firaministan Najeriya na farko, a nan Bauchi. Na sha zuwa wurin, amma ban taɓa zuwa da yara ba sai wannan karon. Da muka bi ta doguwar hanyar nan mai duhu muka fito filin da kabarin yake, ƙaramin ya tsaya ya yi shiru, can ya ce, "Kaka, wannan ne kabarin wanda ya riƙe Najeriya duka? Ai ba shi da wani ado." Maganar yaron nan ta kwana a raina, shi ya sa na kawo muku tambaya: wane ne ya fara sa kuka gane abin da ake nufi da shugaba nagari? Ba wanda kuke yi wa kamfe ba. Wanda ya sauya muku tunani.

Ni nawa na farko ba a littafi na same shi ba. Hedimastanmu ne a firamaren kwana. Kullum kafin a buga ƙararrawar cin abinci sai ya shiga kicin da kansa, ya sa kuku ya zuba masa tuwo da miya daga tukunyar da za a raba mana, ya ci a tsaye. In ya ji miyar ta yi tsululu, ranar mai kula da sito zai yi bayani. Wata shekara ɗan kwangila ya kawo buhunan dawa da ƙwari suka riga suka cinye, in ka damƙa sai gari ya bi hannunka. Ya ƙi sa hannu a takardar karɓa. Aka aiko masa manya, ya ƙi. Aka ce masa mai kayan yana da uwa a gindin murhu, ya ce 'ya'yan mutane ma suna da iyaye a ƙauye da suka ba shi amana. Ba a yi wata biyu ba aka yi masa taransifa zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Ina gani da idona aka ɗora kayansa: katifa, akwatin ƙarfe biyu, da kekensa. Mun bi motar da gudu muna kuka har bakin titi.

Na biyu shi ne Sir Abubakar ɗin. Kowa yana maganar muryarsa da Turancinsa, ni abin da ya fi kama ni shi ne abin da ya yi a 1950 a majalisar Kaduna, lokacin da ya miƙe ya nemi a binciki tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a gyara shi, domin talaka ba shi da bakin magana a ciki. Lokacin nan fa sarakuna ke da wuƙa da nama, shi kuwa malamin makaranta ne ɗan talakawa. Sai ku faɗo naku.

Ɗan Kasuwar Wunti:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya saka wa hedimastan nan da Aljanna. Amma ka yi mini afuwa, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk lokacin da aka zo maganar shugabanni na da, abin da ake cewa shi ne wane ya mutu bai bar komai ba, wane ba shi da gida a Kaduna. To Baba, rashin sata shi kaɗai shugabanci ne? Ai rashin sata wajibi ne a kan kowane mutum, har ni da nake auna shinkafa. Ni shugaba ina so in ga abin da ya bari a ƙasa: ruwa, hanya, asibiti da magani a ciki. Mun ga waɗanda aka ce ba sa sata, amma na kusa da su suka kwashe komai suna kallo. Wannan tsantsenin me ya amfana wa mai jinya?

Malami Mai Ritaya:
Ɗana, maganarka tana kan hanya, ban ƙi ta ba. Amma mutanen nan ba hannu rabbana suka tafi ba. A zamanin firaministan nan aka ja layin dogo daga Kuru ya iso Bauchi, ya wuce Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da shanun wannan yanki a kansa suka riƙa tafiya kudu. A zamaninsa aka fara aikin madatsar Kainji. Sardauna kuma ya kafa jami'ar Zariya a 1962, rabin malaman da suka koyar da ku can suka yi karatu. Abin da nake gani shi ne, kuɗin aikin ya isa ne saboda hannun da ke riƙe da shi bai da ƙaiƙayi. Ba abu biyu ba ne, abu ɗaya ne.

Kawu na Azare:
Malam, ina girmama ka, amma ba zan iya yin shiru ba. Wannan zamanin da kuke yabo, gidanmu kuka aka yi a cikinsa. Mahaifina tela ne, ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU tun farkonta. Sau biyu 'yan doka suna zuwa su tafi da shi, laifinsa kawai ya tara mutane a ƙofar shagonsa ana karanta jarida ana maganar haraji. Karo na biyu wata uku ya yi a gidan yari, mahaifiyata ta sayar da akuyoyinta ta ciyar da mu. Waɗanda ke mulki a Kaduna da Legas sun san ana yin haka a garuruwa, kuma jam'iyyarsu ce ke cin moriyar abin. To in za mu yabi mutum da tsantseni, mu faɗi wannan ma.

Ni Malam Aminu Kano ne ya gina mini tunani, ta bakin mahaifina. Abin da ya sa wa talaka a zuciya shi ne kai ma mutum ne. Hakimi ba ubangijinka ba ne, kuɗin da ka biya kana da ikon tambayar inda aka kai shi. Mahaifina bai yi boko ba, amma har ya rasu in mai karɓar kuɗin hukuma ya zo shagonsa sai ya ce a ba shi rasit. Kuma ku duba, abin da suka sha wuya a kansa bai tafi a banza ba: da jam'iyyar Malam Aminu ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali. Malam Aminu ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan, shi ne Mambayya a yau, kowa ya je ya gani da idonsa irin gidan da jagoran jam'iyya guda ya zauna a ciki. Shugaban da na yarda da shi shi ne wanda in ya tafi ya bar mutane sun fi ƙarfin a taka su.

Ɗan Kasuwar Wunti:
Kawu ka faɗi abin da ban iya faɗa ba. Allah ya jiƙan Baba.

Malami Mai Ritaya:
Amin. Kawu, ban musa ko kalma ɗaya ba, domin mu ma a unguwarmu an yi. Kuma ba zan ce wanda ke sama ba shi da alhaki ba. Abin da zan ƙara shi ne wani abu da yaranmu ba su sani ba: a nan cikin garin Bauchi mutanen nan suka fara gwada muryoyinsu. Wajen 1943 akwai zauren tattaunawa da 'yan boko ke haɗuwa, Malam Sa'adu Zungur yana ciki, Malam Aminu yana ciki lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, Malam Abubakar ma yana ciki. Ciwo ɗaya suka gani, magani ne suka saɓa a kansa. Ɗaya ya ce a shiga ciki a gyara sannu a hankali, sauran suka ce ginin ne ya ruɓe. Ni na girma ina ɗaukar na farkon, amma yau da na tsufa na fahimci cewa da babu masu ihu a waje, da mai gyara a ciki bai sami abin da zai nuna wa sarakuna ya ce ku ji fa abin da ke tafe ba.

Kawu na Azare:
Wannan na karɓa, Malam. Amma wanda ya kwana a kurkuku da wanda ya kwana a gidan gwamnati ba za su ba da labarin daren iri ɗaya ba.

Inna ta Jekadafari:
Sannunku da hira iyayen gida. Tun ɗazu nake karantawa, duk maza kuke lissafawa, kamar mata ba su taɓa riƙe kowa ba. Hajiya Gambo Sawaba fa? Matar nan an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an yi mata dūka, a kan maganar 'yancin mata da auren ƙananan yara, a lokacin da macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita. Sai a 1979 iyayenmu mata suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa.

Amma ni wadda ta koya mini a aikace uwar adashenmu ce a nan Gombe, Allah ya jiƙanta. Mu ashirin da huɗu ne, masu ƙosai, masu awara, masu ɗinki, masu sayar da itace. Ba ta iya karatun boko ba, da ajami take rubuta zubi a wani tsohon littafi. Abu uku na gani a wurinta. Ba ta taɓa ɗaukar kwasar farko ba, alhali al'ada ta ba ta, kullum ita ce ta ƙarshe. Ranar kwasa ba ta ƙirga kuɗi a ɗaki, a tsakar gida take shimfiɗa tabarma a ƙirga a gaban kowa. Na ukun shi ne wanda ba zan manta ba. Wata daga cikinmu ta kwashe, ba a yi sati biyu ba mijinta ya rasu, zubi ya gagare ta. Mata suka fara surutu, wasu na cewa a je a ɗauko keken ɗinkinta. Uwar adashe ta ce ba mai taɓa keken marayu. Ita ta riƙa zuba wa matar har zagayen ya ƙare, ba ta gaya wa kowa daga ina take samowa ba. Sai bayan rasuwarta 'yarta ta gaya mana ɗan kunnen zinarenta ta sayar.

Yanzu ni nake riƙe da adashen. Duk ranar da raina ya ɓaci da masu jinkirin zubi, ita nake tunawa, in ce babba juji ne.

Direban Dogon Zango:
Inna Allah ya ƙara girma. Naki ya tuna mini da wani sarkin tasha da muka yi. Ɗansa na cikinsa direba ne a tashar. Wata ranar jajibirin Sallah, fasinja ya cika maƙil, yaron ya shigo daga Jos ya so ya tsallake layi ya yi lodi. 'Yan kamasho suka kawar da kai don ɗan oga ne. Tsohon ya fito daga rumfa ya sa aka sauke fasinjan da suka riga suka shiga, aka mai da motar bayan layi, kuma ya ci shi tarar da ake cin kowa. Daga ranar ba a ƙara rigimar layi a tashar nan ba har ya sauka. Ba ya ihu, ba ya zagi. Abin da ya yi wa ɗansa ne ya riƙe tashar shekaru.

Tsohon Akawu:
Ni ina so in koma kan maganar Ɗan Wunti, ta shugaban da ba ya ci amma na kusa da shi suna ci. Mu Hausawa mun ba shugabanni wata mafaka da karin maganar nan, wai ba a mugun sarki sai mugun bafade. Shekara talatin da biyar na yi a aikin gwamnati, kuma na daina yarda da ita. Wa ya zaɓi bafaden? Wa ya bar shi a kusa bayan an kawo ƙararsa sau uku?

Na yi aiki a ƙarƙashin wani babban sakatare. Ina sabon shiga na yi kuskure a wata bauca, wato takardar biyan kuɗi, na ƙara sifiri ɗaya, aka biya wani kamfani fiye da haƙƙinsa. Da odita suka gano, na tabbata aikina ya ƙare, matata na da tsohon ciki a lokacin. Ya kira ni ofis, ya sa na zauna na sake lissafin a gabansa har na ga inda na kauce. Sannan ya rubuta wa na sama da shi cewa shi ne ya sa hannu na ƙarshe, don haka laifin rashin dubawa nasa ne. Ya bi kamfanin har suka dawo da rarar. Ni kuma ya ba ni takardar tuhuma, ya sa a fayil ɗina, bai ɗaga mini ƙafa ba. Amma a wannan shekarar dai, wani na hannun damansa, wanda suke gari ɗaya, aka kama shi yana karɓar na goro kafin ya fitar da fayil ɗin 'yan fansho. Wannan bai rufa masa ba, da kansa ya miƙa shi gaban kwamitin ladabtarwa. A wurinsa na gane bambancin kuskure da ha'inci, kuma na gane shugaba ba ya cewa ban sani ba. In bai sani ba ma, wannan rashin sanin laifinsa ne.

Ɗan Kasuwar Wunti:
To alhamdu lillahi, Baba Akawu. Wannan shi ne abin da nake nufi tun farko.

'Yar Kaltungo:
Ina gaishe da iyaye. Ni Kirista ce, nas ce, a Bauchi na tashi domin babana ya yi aiki a can. A rikicin 1991 ina 'yar shekara tara. Gidaje huɗu ne na Kirista a layinmu. Da gari ya rikice, mai unguwarmu, dattijo mai farin gemu wanda kullum nake gani da carbi, ya kwashe mu duka ya shigar cikin gidansa, mata da yara a ɗakin uwargidansa. Sai ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar zaure. Ina jiyo hayaniyar matasa a waje, ina jin muryarsa yana kiran wasunsu da sunan iyayensu. Kwana uku muka yi a gidan. Uwargidan ta ba mamata zaninta ta ɗaura.

Shi ya sa da na ji labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye mutane fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a 2018, na zauna na yi kuka, domin na san yadda cikin irin wannan ɗakin yake. Mai unguwarmu ba shi da bindiga, ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Shekarun da ya yi yana raba gardama ba tare da son kai ba su ne suka tsaya masa a ƙofar nan. Da mutum ne mai cin filayen marayu, da yaran nan sun ture shi sun shiga.

Inna ta Jekadafari:
Allah sarki 'yata. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, ya ba mu zaman lafiya.

Ɗalibi daga Gadau:
Iyayena ku yi haƙuri da ƙuruciya. Mu da aka haifa bayan 2000 duk wannan labari ne a wurinmu. Wanda na ji manya na yabo a zamaninmu shi ne Umaru Musa 'Yar'aduwa, saboda ya bayyana kadarorinsa a fili, kuma ranar da aka rantsar da shi a 2007 ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. Wannan ya burge ni, domin ban taɓa jin wani ya ci zaɓe ya faɗi haka ba. Amma tambayata da gaske nake yinta: ba mutuwa ce ke wanke mutane ba? Duk waɗanda kuka ambata sun rasu. Anya da suna raye ba zaginsu za mu riƙa yi ba?

Almajirin Zaure:
Ɗan'uwa tambayarka mai kyau ce. An zage su suna raye, wasu ma kashe su aka yi. Amma mutuwa ba ta wanke kowa, akwai waɗanda suka mutu da daɗewa har yau in an ambace su sai a yi tsaki. Abin da take yi shi ne ta kori masu roƙo da masu neman kwangila, sai aikin ya tsaya shi kaɗai.

Ni ma'aunina Sayyidina Umar ne a shekarar fari, shekara ta 18 bayan Hijira, da ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu, har jikinsa ya sauya. Hedimastan Baba da ke cin tuwon ɗalibai a tsaye, ko ya sani ko bai sani ba, wannan sunnar ya bi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Mu mutanen Bauchi ma muna da darasi a tushenmu. Malam Yakubu da ya kafa garin nan Bageri ne, ba Bafulatani ba, amma Shehu Usmanu ya ba shi tuta saboda ya zauna a gabansa ya yi karatu, ya san amanarsa. Ba a tambayi ɗan gidan wane ne ba. Mu yanzu ko shugaban kwamitin masallaci za mu zaɓa sai mun tambayi garinsu.

Kawu na Azare:
Ɗalibi, kada ka jira sai ka ga irinsu a talabijin. Dubi ajinku, dubi unguwarku. Mahaifina bai taɓa riƙe ko kansila ba, amma teloli goma sha ɗaya suka fita daga shagonsa, babu wanda ya taɓa cin ƙyallen mai kaya a cikinsu.

Ɗan Kasuwar Wunti:
Barkanmu da asuba. Jiya ban yi barci da wuri ba. Ni na fi kowa ɗaga murya a kan shugabanni a wannan hira, to akwai abin da ya kamata in faɗa. Shekara biyu ke nan ni ne shugaban layinmu a kasuwa, rumfuna talatin da ɗaya. Duk wata ina karɓar kuɗin masu gadi da na kwashe shara. Wallahi ban taɓa cin ko sisi ba, amma ban taɓa tara mutane na karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Wata biyu da suka wuce wani yaro mai sayar da manja ya tambaye ni lissafi, na ji haushi na ce ko yana zargina ne. Tun ranar ba ya gaishe ni da sakin fuska. Labarin tabarmar uwar adashe da na rasit ɗin mahaifin Kawu su suka hana ni barci. In Allah ya kai mu Juma'a, bayan an sauko daga masallaci zan tara su. Inna, yaya kike yi ranar ƙirga?

Inna ta Jekadafari:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ka sanar da su tun ranar Laraba don kada wani ya ce bai ji ba. Ka zo da littafin da duk rasit ɗin da kake da su, wanda ya ɓata ka faɗa da bakinka tun ba a tambaye ka ba. Kada ka riƙe kuɗin da hannunka, ka ba mutum biyu su ƙirga, ɗaya ya zama yaron nan mai manja. Kuma kafin ranar ka je rumfarsa ka same shi shi kaɗai ku gaisa.